Sarkin Ban Gane Ba

A ajinmu na biyar a sakandare, idan malami ya juyo daga allo ya ce, "Kun gane?" amsar ba ta jiran tunani. Baki ɗaya muke cewa, "E, Malam," kamar masu amsa amin. Mai barci a bencin baya ma yakan ɗago kai ya amsa, ya koma ya kwanta. Mutum ɗaya ne kawai ba ya bin sahu, kuma Allah ya sa taubashina ne, ɗan kawuna, wanda muke zama benci ɗaya, muke tahowa tare daga Ƙofar Kwaya kowace safiya.

Shi sai an gama amsawa, aji ya yi tsit, sannan za ka ga hannunsa yana tashi a hankali. "Malam, ni hwa ban gane ba." Babu kunya, babu kame-kame, kamar mai cewa ruwa ya ƙare a randa.

Makarantar tamu ba ta takura wa kowa ba. Ba a maimaita aji. Wanda ya zo na ɗaya da wanda ya riƙe wa aji wutsiya, tare ake kora su gaba idan shekara ta ƙare. Malamai da yawa sai hantsi ya dubi ludayi suke isowa, su miƙa wa monita littafi ya kwafa mana a allo, su koma ƙarƙashin bishiyar bedi su dasa hira. Ranar Juma'a ba a karatu don gajeriyar rana ce. Alhamis kuma jajibirin Juma'a. Makin gwaji kuwa, in ka kawo tsintsiya ko kwalin alli ka gama. Ni kaina na taɓa cinye makin kimiyya kaf da tsintsiyar kaba da na zaro daga bayan ɗakin mahaifiyata, ta yi ta nema tana ɗora wa maƙwabta.

A cikin wannan sakaci duka, malamin lissafi ne ya fita daban. Mutumin kudancin Kaduna ne, Kirista, dogo siriri, ya daɗe a Katsina har ya iya gaisuwarmu mai tsawo ba ya tuntuɓe. Ba ya latti, ba ya ba monita littafi, ba ya karɓar tsintsiya. Yana da ƙa'ida guda da kowa ya san shi da ita: ba ya goge allo muddin akwai wanda ya ce bai gane ba. Zai ajiye tsumman gogewa, ya sake farowa. In bai shiga da lambobi ba, ya kawo misali da kwanon gero. In bai shiga da gero ba, ya koma kan mangwaro. Ƙararrawa ta kaɗa, ya rubuta a gefen allo kada a goge, gobe mu tarar da abinmu yana jiranmu.

To, ka haɗa malamin da ba ya goge allo da ɗalibin da ba ya ƙaryar ganewa, ka ga inda za a kwana. Muna wuri ɗaya kamar jakin da ya ga rafi.

Ni kuwa Allah ya yi ni da saurin ɗauka da ƙarancin haƙuri, kuma na biyun ya fi yawa. Tun a bayanin farko na kama, ko dai haka nake gani. Sai in zauna ina kaɗa ƙafa, ina zane a bayan littafi, ina kallon ƙadangaru a jikin taga. Littafin lissafinmu mai kauri ne. Nakan sa yatsa a inda muke, in dubi abin da ya rage, in ji gabana ya faɗi. Akwai wani ɗan maƙwabcinmu da ke makarantar kuɗi, ajinmu ɗaya da shi. Da yamma a kan dakali yakan ambaci darussan da ko sunansu ban taɓa ji ba, ya tambaye ni ko mun wuce nan, in ce mun kusa. Jarrabawar fita kuwa ba ruwanta da inda malaminka ya tsaya. Har gobe ina nan a kan bakana, tsorona ba na banza ba ne. An cuce mu a makarantar nan, kuma ina da hujjar yin fushi. Inda na kai fushin ne matsalar.

Taubashina ba taurin kai ke sa shi tambaya ba. Malamin asibiti yake son zama. Tun muna yara, in wani ya yanke a wurin ƙwallo shi ke neman tsumma ya ɗaure. In tsohuwa za ta asibiti a unguwa, shi ke riƙe mata kati ya bi layi. Kawu yana da shagon yadi, kuma ya yi masa magana ɗaya: in ya samu shiga makarantar koyon aikin lafiya, zai tsaya masa. In bai samu ba, ga shago nan, babu zaman jiran wata shekara. Ba a shiga makarantar nan sai da lissafi. Shi ya san kansa, ya san abu ba ya zama masa sai an maimaita, don haka ya riƙe malamin nan hannu bibbiyu. Duk wannan na sani. A gabana Kawu ya faɗa.

Sai da na fara bi ta hanyar da ta dace. Na sami Malam a ofishin malamai yana cin gyaɗa, na gaishe shi, na ce a gaskiya an bar mu a baya, mutum ɗaya ya riƙe aji duka.

Ya dube ni ta saman tabarau. "Kana tsammanin sauran sun gane?"

"Ai sun ce sun gane, Malam."

"Sun ce." Ya kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga wandonsa. "Yaron nan shi kaɗai ke faɗa mini gaskiya a ajinku. In ka gaji da jira, ɗan'uwanka ne, zauna ka koya masa a gida. Sai mu yi sauri."

Na fito ina huci. Na gwada koya masan, kada a ce ban gwada ba. Mun zauna a zauren gidan Kawu bayan la'asar, na yi bayani sau ɗaya, ya ce in sake. Na sake da ƙarfi, kamar ƙarar murya ce za ta tura abin cikin kansa. Da ya ce in ƙara sakewa, na rufe littafi na ce gara in koya wa bango. Ya yi dariya ya ce dama wa ya taɓa ganin bawa ya koyar da ubangidansa.

Haka muke da shi tun tasowa. Ni ɗan mace, shi ɗan namiji, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne. Ya ce kaina kamar tulu, in ce kunnuwansa kamar faifai. Ya ce na cinye tuwon gidansu har an sa mini suna a tukunya, in ce gidansu ba su iya miya ba, taimako nake yi. Manya su yi ta dariya suna zuga mu. Sau ɗaya ina ƙarami ya tsokane ni har na yi kuka, na kai ƙara wurin mahaifiyata. Ni ta yi wa faɗa. "Wa ya taɓa hushi da taubashi? Kai ba ka da baki? Tahi ka rama." Tun ranar na san dokar. Duk abin da taubashi ya faɗa maka, haɗiyewa za ka yi ka yi dariya. Wanda ya ɓata rai shi ya ji kunya.

Ranar da abin ya faru, bayan an dawo daga hutun tara ne, ana zafi, kwanon rufi yana ƙara. Mun shafe makonni a kan darasi guda. Malam ya gama bayani, ya ɗauki tsumma, ya ce, "Kun gane?" Muka amsa. Na ga tsumman ya kusa taɓa allo, har na buɗe sabon shafi. Sai na ji benci ya motsa a gefena. Hannun nan yana tashi.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na dunƙule hannu na jinjina masa kamar maroƙi a ƙofar gidan biki.

"Ranka shi daɗe, Sarkin Ban Gane Ba! Kunkuru mai tahiya da gari duka! Jama'a kowa shi tsaya, bawana bai iso ba! In dai kai za mu jira, sai mun yi hurhura a aji biyar, ɗiyanmu su zo su iske mu bisa allon ga!"

Aji ya kece da dariya. Har da masu dukan benci. Malam ya ɗaure fuska ya ce in zauna, ya nufo ni, kuma na san da wani ne ya yi wannan da ya kwana da ciwon jiki. Sai monita ya yi caraf ya ce, "Malam, taubashinshi ne. Wasa ne." Malam ya daɗe a garin nan, ya san abin da ake nufi. Ya tsaya, ya dubi taubashina.

"Wasa ne?"

Taubashina ya sauke hannu. Ya yi dariya, dariya sosai, har da haƙora. "Wasa ne, Malam. Bawana ne, yunwa ka damunshi."

Me zai ce in ba haka ba? Da wani ne ya faɗa masa wannan magana, da ya ci kwalarsa a bayan aji, ko ya kai ƙara, ko aƙalla ya ɓata rai kowa ya ga an yi masa ba daidai ba. Amma daga bakina ta fito, bakin da ba shi da ikon yin fushi da shi. Kuma ni na san ba wasa nake ba. Wasan taubashi a kan abin da ba ya ciwo ake yinsa, girman kai, yawan ci, munin da babu shi. Ni na ɗauko abin da ya fi damunsa a duniya na naɗe a cikin wasa na jefa masa a gaban mutane. Shi ma ya san haka. Mun tafi gida tare a ranar, muna tafe yana ba ni labarin wata akuya da ta shiga shagon Kawu.

Magana zarar bunu ce. Kafin mako ya zagayo sunan ya bi makaranta. 'Yan ƙananan aji da ba su san komai ba suna hango shi sai su jinjina. A cikin aji kuwa, ko ƙeya ya ɗaga hannu zai sosa, sai wani daga baya ya ce, "A yi shiru, Sarki zai yi magana!" Shi kuma ya juya ya yi musu dariya.

Ba a daɗe ba wata rana Malam ya tambaya, muka amsa, ya tsaya da tsumma a hannu yana kallon bencinmu. Hannun bai tashi ba. Ya kira shi kai tsaye, ya ce, "Kai fa?"

"Na gane, Malam."

"Ka tabbata?"

"Na gane."

Malam ya ɗaga tsumman. Sannan ya juya ya goge allon tas, daga sama har ƙasa. Ba zan yi ƙarya ba, daɗi na ji. Na ji kamar an sauke mini kaya.

Daga nan muka kama gudu. Dama shugaban makaranta yana matsa wa Malam ya gama manhaja, taubashina ne birkinsa. Yanzu babu birki. Malam ya gwada wasu dabaru, yakan kira mutum ya fito allo, sai a tsaya ƙiƙam da alli a hannu ana murmushi har lokaci ya ƙare. Ya gaji. Mutum ɗaya ba ya tilasta wa aji guda su faɗi gaskiya. Shafuka suka riƙa wucewa, yatsana yana matsawa cikin littafi, na fara iya amsa wa ɗan maƙwabcinmu cewa mun wuce nan tuni.

A cikin gudun nan ne na gano abin da ban so ganowa ba. Ashe ba a bayanin farko nake ganewa ba. A na farko ina jin kamar na kama, amma na biyu da na uku, waɗanda nake kaɗa ƙafa ina tsaki a kansu, su ke zaunar da abin a kaina. A inuwarsa nake shan iska ban sani ba. Da muka shiga wurare masu wuya, ranar ta zo da Malam ya gama bayani ban kama ko kalma ɗaya ba. Ya ce, "Kun gane?" Na ji hannuna ya yi nauyi a kan cinya. Wanda ya naɗa Sarki da bakinsa, ina zai iya furta wannan magana a ajin nan? Na buɗe baki na ce, "E, Malam," tare da kowa. Na saci kallon taubashina. Yana kwafar abin da ke allo da kyakkyawan rubutunsa, layi bayan layi, kansa a sunkuye.

Ni na samu mafita. Mahaifina ya sa ni lesin a wani gida wajen Ƙofar Guga, inda babu wanda ya san ni, a can na riƙa tambaya son raina. Ban ce wa taubashina ya zo mu tafi ba. Kunya ta hana ni ya ji ina cewa ban gane ba.

Jarrabawar fita ta zo ta wuce yadda aka saba a makarantar. Amsa ta zagaya ɗaki, kowa ya kwafa, kowa ya fito da takarda mai kyau, har da shi. Amma jarrabawar shiga makarantar aikin lafiya ba a ajinmu aka yi ta ba, kuma babu mai zagayawa da amsa. Sunansa bai fito ba. Kawu bai yi faɗa ba, ya dai nuna masa inda almakashi yake. Da na je yi masa jaje a shago, na same shi yana ninke shadda. Ya ce, "Bawana, asibiti ta yi asarar babban likita, sai ku yi ta haƙuri."

Na sha gaya wa kaina cewa ko da ban yi magana ba wataƙila da bai ci ba. Makarantar ce ta lalace, ba ni na lalata ta ba. Duk gaskiya ne, kuma babu wadda ta taɓa sa na ji sauƙi. Nakan wuce ta gaban shagon in ga yana auna yadi, sai in kau da kai in ƙara sauri.

Bara ɗiyarsa ƙarama ta yi rashin lafiya, ƙirji ya riƙe ta, numfashi yana yi mata wuya. Ya kira ni da safe don ina da mota. Asibiti cike, layi har waje. Da muka shiga, likitan yaro ne, ka ga gajiya a idonsa. Ya duba ta, ya rubuta magunguna, muka karɓo muka dawo masa da su. Ya jera kwalabe a kan tebur ya fara bayani da sauri, rabi Hausa rabi Turanci. Wannan kafin abinci, wannan sai in numfashin ya tsananta, wannan kada a haɗa shi da wancan, ga yadda ake aunawa. Ni da nake taƙama da boko ma tun a tsakiya na ɓace. Ya ɗago ya dubi taubashina ya ce, "Malam, ka gane?"

"Na gane, likita."

Ko numfashi bai ja ba kafin ya amsa.

A bakin mota na ga yana jujjuya kwalaben, yana duba wannan ya duba wancan. Can ya ce, a hankali, "Wanne ne ya ce kada a haɗa da wanne?"

Halina bai canza ba, nan take na hau shi. "Ba ka gane ba ka ce ka gane? Ran yarinya ne hwa! Mi ya hana ka tambaya?"

Ya yi dariya. Dariyar nan dai, har da haƙora. "Yo ga jama'a a baya suna jira, in tsaida su? Ai Sarki ya yi murabus tun aji biyar, bawana. Ko ka manta?"

Na karɓe kwalaben daga hannunsa na koma ciki. Na ratsa layi ana ta yi mini magana, na tura ƙofa, na ce, "Likita, gafarta mani, ban gane ba. Maimaita." Ya maimaita. Na ce ya ƙara. Wani a bayana ya ja tsaki mai tsawo ya ce wasu mutane sai su riƙe kowa. Na san tsakin nan, nawa ne. Ban motsa ba sai da na iya faɗa wa likitan komai da bakina ya ce haka ne.

A hanyar komawa, mun biyo ta wajen hasumiyar Gobarau, yarinyar tana kwance a jikinsa a kujerar baya, na gama jera masa yadda za a ba ta maganin. Sannan na faɗi abin da na daɗe ina ɗauke da shi.

"Abin da na yi maka a aji biyar. Ka yahe mani."

Na gan shi ta madubi ya sunkuya wurin yarinyar. "Kin ji bawanmu, yau shina neman a 'yanta shi."

"Wallahi da gaske nake."

"Wane laihi kuma? Ai wasa ne." Ya gyara mata ɗankwali. "Wa ya taɓa hushi da taubashi?"

Dokar da ta hana shi nuna ciwo ranar, ita ta hana ni samun yafiya yau. Tunda bai taɓa cewa ya ji haushi ba, babu abin da zai yafe. Na riƙe sitiyari na rasa ta inda zan sake shiga.

Yarinyar ta ɗago kai, ta dubi ubanta, ta dube ni. Da 'yar muryarta da ta dushe ta ce, "Baba, ni ban gane ba. Mi ya yi maka?"

Ya dafa kanta ya mayar da ita jikinsa.

"Yi shiru," ya ce. "Ki bar yawan tambaya, kada a yi maki dariya."